Peugeot 504 da ta shekara bakwai a ajiye: ta ina za a fara, kuma wane ƙari ne ya cancanta?

Tambaya: Na sayi Peugeot 504 salun ƙirar 1978, mai injin fetur lita 2 da kafireta. Wanda ya sayar min ya ce shekara bakwai ke nan ba a tayar da ita ba, amma jikinta da kyau a ido. Niyyata in sa batir in ji ko za ta tashi, in kai ta fenti, sannan in sa mata kafireta Weber, rim inci 17 da fitilun LED. Wani kuma ya ce in cire tamostat don kada ta riƙa zafi. Da me zan fara?

Amsa: Malam, ajiye batir ɗin nan tukuna, fenti kuma ka mayar da shi can ƙarshen lissafi. Motar da ta sha sabon fenti amma man birkinta ya shekara bakwai yana shan ruwa, kyan ɗan maciji ce. Abin da ake nema da fari shi ne a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani: ta tsaya in an taka birki, kada ta kama wuta, kada ta tafasa. Sai ta kai wannan matsayin ne za ka san abin da ta rasa da gaske, kuma sau da yawa rabin abin da mutum ke son ƙara wa tsohuwar mota yakan fita daga ransa da zarar ya tuƙa ta da lafiyarta.

Kafin ka taɓa inji, shiga ƙarƙashinta, domin tsatsa ce ke yanke hukuncin ko aikin zai biya. Inji da giya ana samun wasu a sauya, amma jikin 504 shi ne ƙashin bayanta, ba ta da wani shasi daban da ke ɗauke da ita. Ɗaga ta da jak, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe masu kyau, kada ka shiga tana kan jak shi kaɗai. Ɗauki sukundireba ka riƙa soka dogayen ƙarafan da ke ƙasan ƙofofi, wuraren da ake kafa jak, daɓen ƙasan kafet, saman da shokozoban gaba ke ɗaure a cikin banet, inda ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya ya haɗu da jiki, ƙasan batir da ƙasan but. Bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi da ɗan maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cika. Rami a ƙofa ko a fenda aikin kwalliya ne, zai iya jira. Rami kusa da inda shokozoba ko ƙafar baya ke ɗaure kuwa sai an yanke ruɓaɓɓen wurin har a iske ƙarfe mai sheƙi, a yi walda da sabon ƙarfe mai kauri ɗaya. Liƙa faci a kan tsatsa ɓoye ta ne kawai, za ta ci gaba da ci ta ƙasa.

In jikin ya tsallake, sai inji. Filogin wannan injin suna can cikin rami mai zurfi, don haka busa ramin da iska kafin ka kwance su, kada datti ya faɗa cikin silinda. Zuba kamar cokali ɗaya ko biyu na mai marar kauri a kowace silinda, ka bar shi ya kwana biyu. Cire murfin bawul. Sannan ka sa sifana a notin gaban inji ka juya da hannu a hankali, zagaye biyu cikakku, kana kallon kowane bawul yana sauka yana dawowa. Bawul ɗin da ya sauka bai dawo ba ya maƙale a hanyarsa, kuma da a ce kik ka buga, da fistin ya daki kansa ko sandar da ke tura shi ta lanƙwashe. Wannan kaɗai ya isa dalilin da aka ce kada ka sa batir. Idan injin ya ƙi juyawa gaba ɗaya, ƙara mai mai sassauta tsatsa, ka ba shi kwanaki, ka sa giya ta huɗu ka riƙa girgiza motar gaba da baya a hankali. Kada a ja ta da wata mota a saki kuloci. Abin da ke biyo baya shi ne karyewar ringi.

Da ya juya, tsiyaye tsohon bakin mai ka duba shi a cikin tasa mai tsabta. Ruwa yakan fara fitowa kafin mai, domin ya fi shi nauyi. Ɗigo kaɗan raɓa ce ta shekaru. Da yawa kuwa, ko mai ya koma kalar madara, ruwan lagireto na shiga. Sa sabuwar filta da kusan lita 4 na sabon mai. Yanzu ne lokacin batir: filogi a cire, wayar kwayil a cire, ka buga kik na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, ka huta, ka sake, har fitilar mai ta mutu. Ta haka mai zai isa metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, kafin su ɗauki nauyi.

Tun da filogi na waje, auna matsin kowace silinda, totur a buɗe gaba ɗaya. Lafiyayyen inji irin wannan yakan ba da wajen bar 10 zuwa 12, amma daidaiton huɗun ya fi lambar kanta muhimmanci: bambancin babba da ƙarama kada ya wuce kamar kashi 10 cikin ɗari. Wadda ta yi ƙasa, zuba mata cokalin mai ka sake aunawa. In ta tashi sosai, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne. In biyu maƙwabta ne suka faɗi tare, gasket ɗin da ke tsakaninsu ya ƙone. Sai dai kada ka yanke wa inji hukunci da awon farko, domin ringin da ya daɗe a zaune yakan manne a raminsa ya kuma saki bayan injin ya yi zafi sau da dama. A maimaita awon bayan ta ɗan yi tafiya.

Ga wani abu game da wannan injin da ya kamata duk bakaniken da zai taɓa shi ya sani. Silindojinsa silif ne da ake zurawa a cikin bulo, ruwa na zagaye su kai tsaye, kuma tof silinda ne ke danne su a kan wani siririn sil da ke gindinsu. In aka kwance notocin tof aka ɗaga shi sama kai tsaye, silif na iya mannewa da gasket ya taso tare da shi. Haka nan in aka juya injin alhali tof na cire, fistin zai turo silif sama. Ko wanne ya faru, sil ɗin ƙasa ya motsa, datti ya shiga, kuma bayan an haɗa komai sai a ga ruwa a cikin bakin mai, a koma ana zargin sabon gasket. Yadda ake yi: a bar noti ɗaya a kusurwa a sassauce, a juya tof ɗin gefe a kansa har gasket ya saki, sannan a ɗaga, da an cire, a danne kowane silif da manyan washa da guntayen noti kafin wani ya taɓa karanshaf. Kafin a mayar da tof kuma a auna yadda kowane silif ya ɗara fuskar bulo, a gwada da adadin da littafin motar ya bayar.

Fetur ɗin da ke tanki ba fetur ba ne kuma, ya zama danƙo mai wari. In injin ya sha shi, yakan manna bawul ɗin shiga bayan ya huce, ka wayi gari da sanda a lanƙwashe. Don tayarwar farko, ja tiyo daga ƙaramin jarka na sabon fetur zuwa famfon mai, da abin kashe gobara a kusa da hannu. Tankin kuwa a sauke shi, a wanke, a leƙa ciki da tocila. In tsatsa na ɓarewa, a tsabtace a shafe cikinsa da maganin da aka yi don haka, ko a sauya. Busa dogon bututun da ke tafiya gaba da iska. Duk tiyon roba na fetur a sauya shi, ko da ya yi kyau a waje, domin ta ciki yake tsagewa, kuma fetur na zamani mai gaurayen etanol yana cin tsohuwar roba. Nemi wanda aka rubuta SAE J30 R9 a jikinsa, da maɗauran da ba sa yanka roba. Ja ɗan bututun tagulla da ke shiga kafireta da na famfo da yatsa: matsa su kawai aka yi, kuma in suka sassauta sukan fice su watsa fetur a kan inji mai zafi. Gobarar tsofaffin motoci da yawa daga nan take tashi. Shinshina sandar auna bakin mai bayan kwanakin farko. Warin fetur, ko mai yana ƙaruwa da kansa, alamar robar cikin famfo ta huje.

Kafireta a kwance ta a kan tebur, a jiƙa, a busa kowane jet da kowace hanya da iska. Ban da soka waya a jet, domin tagulla ce mai laushi, kuma ɗan faɗaɗa ramin ya isa ya sa ta shan mai har abada. Girgiza fulot kusa da kunne, in ka ji ruwa a ciki ya huje. Sauya allurar da ke tsayar da mai, gasket da robar famfon totur, ka saita tsayin fulot bisa littafi.

Yawancin abin da ake ɗora wa kafireta laifin wuta ne, shi ya sa jerin saiti yake da muhimmanci, kuma kafireta ce ta ƙarshe. Bawul ake farawa da shi, inji a sanyaye sarai: ratar na shiga milimita 0.10, na fita milimita 0.25. Rubuta abin da ka tarar kafin ka gyara. Amfanin rubutun shi ne in nan gaba ka ga ratar bawul ɗin fita tana ta ƙanƙancewa a kowane awo, mazaunin bawul ne ke lotsawa cikin tof, ka san da shi tun kafin bawul ya ƙone. Daga nan sai kwantak, ɗan makunnin cikin distiributa da ke yanke wutar kwayil, rata milimita 0.40, da sabon kwandansa, sannan taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta. Ba a sa taimin gaba da kwantak, domin duk sauyin ratar kwantak yana matsar da taimin. Girgiza sandar distiributa gefe da gefe. In tana wasa, ratar za ta riƙa sauyawa tana tafiya, babu saitin da zai zauna. Murɗa rota da hannu ka sake, ya kamata ya dawo da kansa. In ya tsaya, ƙarafan da ke ƙara taimin in inji ya yi gudu sun cije. Tsotsi ɗan tiyon da ke zuwa gwangwanin gefen distiributa: farantin ciki ya motsa ya kuma tsaya a nan muddin ka toshe da harshe. Yi taimin da fitilarsa, a kan adadin da aka rubuta wa lambar distiributarka, domin 504 ta fito da iri daban-daban. A Faransa an daina ƙera salun a 1983, wasu ƙasashe suka ci gaba da haɗa ta shekaru da yawa bayan nan, kuma mota mai shekaru irin naka da wuya a ce duk kayanta na asali ne. Sayi kaya da lambar da ke jikin abin da ka cire, ba da shekarar mota ba.

Maganar tamostat kuwa, wanda ya ba ka shawarar bai taimake ka ba. Lafiyayyen tamostat ba ya sa inji ya yi zafi fiye da kima. Aikinsa shi ne ya kai injin zafin aiki da wuri ya riƙe shi a nan. In aka cire, injin kan daɗe a sanyaye, fetur ya riƙa wanke mai daga bangon silinda yana gangarawa cikin bakin mai, ringi su ci da wuri, shan mai ya ƙaru. Abin da ke jawo zafin kuma yana nan daram, ɓoye shi kawai aka yi zuwa ranar da za a hau doguwar tudu. Jefa tamostat ɗin a tukunyar ruwa a kan wuta da ma'aunin zafi, ka ga ko zai buɗe a adadin da aka buga a jikinsa. In kana shakka, sauya shi. Masu laifin gaskiya su ne lagireton da ya toshe da laka da tsatsa, fukafukan famfon ruwa da suka cinye, fambel sako-sako, taimin da ya yi baya, da murfin lagireto da ba ya riƙe matsi. Murfin nan ana raina shi, alhali ruwan da ke tafasa a digiri 100 a buɗe sai ya kai wajen 111 ƙarƙashin matsin rabin bar, ya kai 120 a bar 1. Taɓa fuskar lagireto bayan inji ya yi zafi an kashe shi. Wuraren da suka yi sanyi a toshe suke, kuma maganinsu a buɗe shi a tsefe ko a sauya masa ciki. Sauya duk tiyo, har da ƙananan na hita. Yawancin 504 suna da fanka mai kama kanta da maganaɗisun lantarki in ruwa ya yi zafi. Kunna makulli, haɗa wayoyi biyu na makunninta, ya kamata ka ji ƙas ta kama. In shiru, duba ɗan gawayin da ke kai mata wuta. Ruwa zalla kuma bai dace da wannan injin ba ko a ƙasar da ba a san ƙanƙara ba: bulo ƙarfe ne, tof alminiyam, kuma ruwa zalla yana cin duka biyun, har da mazaunin silif ɗin da aka yi magana. A gauraya rabi da rabi da maganin lagireto irin na da, wanda ya dace da lagireton tagulla, a sauya duk shekara biyu.

Birki ne wurin da ba na yarda a duba a ce da sauran kwana. Man birki yana jan ruwa daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma da ya sha ruwa kusan kashi 3.7 cikin ɗari sai iyakar ta sauko zuwa 155, kuma ruwan nan yana tsatsa masta da fistin ɗin kalifa ta ciki. Mota da ta yi shekara bakwai a tsaye, a kwance masta da kalifa duka, a duba, a sa sabbin sil. Fistin mai ramukan tsatsa a jefar, ba a gogewa a mayar. Akwai tarko a nan: in aka yi ta taka birki har ƙasa wajen fitar da iska da tsohon masta, sil ɗin yana wucewa ta sashen da bai taɓa isa ba, inda tsatsa ta taru, ya yage. Shi ya sa ake jin masta ya mutu kwana biyu bayan an sauya mai. Tiyon roba na ƙafafu duka a sauya. Sukan kumbura ta ciki su bar mai ya tafi ya ƙi dawowa, ƙafar ta riƙa kamawa tana zafi. Gwajinsa: in ƙafa ta cije kuma ta saki da ka sassauta notin fitar da iska, tiyo ne ko masta, ba kalifa ba. Bi bututan ƙarfe tun daga gaba har baya, musamman inda maɗauri ya riƙe su. Masu tsatsa a sauya da na gaurayen tagulla da nikel. In taka mai faifan birki ce a baya, birkin hannu na cikin kalifa, kuma fistin ɗinsa ba a danna shi da ƙarfi kai tsaye, sai an juya shi tukuna, in ba haka ba a lalata abin da ke saita shi. A can baya kuma akwai bawul da ke rage wa ƙafafun baya birki gwargwadon kayan da mota ta ɗauka. Yakan cije, wasu su cire shi, sai bayan motar ya riƙa juyowa in an taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi. A gyara shi, kada a cire. Fitar da iska daga ƙafa mafi nisa da masta zuwa mafi kusa. Don gwada busta, inji a kashe ka taka sau biyar, ka riƙe, ka tayar: birkin ya ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka. Kulocin ma da man birki yake aiki, a yi masa irin wannan hidimar. Kada a gauraya DOT 5 da sauran, silikon ne.

Tayoyi a jefar, komai kyan zanensu. Lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2314 mako na 23 ne na 2014. In uku ne kacal, tun kafin 2000 aka yi ta. Duba bushin, boljoyin, robobin sitiyari da faifan robar da ke haɗa sandar sitiyari da rak, wanda ake mantawa da shi duk da cewa ranka na rataye a kansa. In an sa sabon bushin, kada a ƙarasa ɗaure notinsa sai mota ta sauka a kan tayoyinta. In aka ɗaure tana sama, robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. A ganina roba mai kyau ta fi bushin masu tauri na foliyuretan a wannan motar, domin laushin tafiya shi ne abin da aka san 504 da shi.

Game da mai: injin yana da tafet masu shafaffen gindi da ke gogar kamshaf, suna buƙatar sinadarin hana cin ƙarfe da ake kira ZDDP, wanda aka rage a siraran mai na motocin yanzu. 20W-50 ko 15W-40 mai kyau ya wadatar. Giya kuma kada a zuba mata man giya mai lambar GL-5 don kawai shi ke kusa; giyar waɗannan Peugeot bakin man inji aka rubuta mata, man haifoyid mai kauri na aksil ɗin baya ne.

Sai abubuwan da kake son ƙarawa. Fitila tukuna. Kafin ka ce ba ta da haske, auna wutar da ke isa ƙwan, inji na aiki. A batir za ka ga bolt 13.8 zuwa 14.4, amma a ƙwan sau da yawa an yi asarar bolt ɗaya ko fiye a cikin tsohuwar waya, makunni da haɗe-haɗe masu tsatsa. Ƙwan halojin kuwa in wuta ta ragu da kashi 10, haskensa na raguwa da kusan kashi 30. Maganin shi ne rile biyu, wato makunnin da wuta kaɗan ke kunnawa ya wuce da babbar wuta, ɗaya na doguwa ɗaya na gajera, da waya mai kaurin milimita murabba'i 2.5 kai tsaye daga batir ta cikin fiyus da aka sa dab da batir ɗin. Tsohuwar waya ta koma kunna rile kawai. Ƙwai biyu na wat 60 suna jan kusan amfiya 10, kuma sauke wannan nauyin daga makunnin da ya haura shekara arba'in zai tsawaita ransa. Kankare wurin da kowace wayar nagetif ta haɗu da jiki har ƙarfe ya fito, da babbar wadda ke tsakanin inji da jiki. Duba madubin cikin fitilar, in ya dushe a sauya. Ƙwan LED a gidan da aka tsara wa halojin kuwa watsa haske yake, ya makantar da mai zuwa, kai kuma ba ka ga nesa ba, kuma dokar ƙasashe da dama ta hana. A fitilun ciki babu laifi.

Ƙarin da ya fi kowane biyan kuɗin sabulu ba ya ma cikin lissafinka: na'urar wuta ta lantarki da ke maye gurbin kwantak da kwandansa a cikin distiributa. Taimin ya daina gocewa, tashi da safe ya yi sauƙi, kuma ba a ganin ta daga waje. Sharaɗi biyu. Kwayil ya dace da ita. Da yawa cikinsu a inji mai silinda huɗu suna son kwayil na wajen om 3, kuma wanda ya yi ƙasa da haka yana ƙona su, kamar yadda barin makulli a kunne inji a kashe ke yi. Sannan ba ta gyara distiributa mai wasa ko ƙarafan da suka cije, sai an gyara waɗannan tukuna. Ajiye tsohon kwantak a cikin mota don ranar tsiya.

Weber 32/36 kafireta ce mai kyau, amma a kan injin da ba a taɓa kamshaf, tof ko salansarsa ba, ƙarfin da za ta ƙara kaɗan ne. Masu cewa ta sauya musu mota yawanci sabuwar kafireta suka gwada da matacciya. Tana da hujja idan taka ta gaji: fesa maganin wanke kafireta a gefen sandar totur inji na silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, in karar injin ta sauya, iska na shiga ta nan, kuma silo ba zai taɓa zama ba. Ko a nan ma ana iya sa wa sandar sabon bushin. In ka zaɓi Weber, lissafa da farantin haɗa ta da manifol, sabon haɗin totur da cok, gidan filtar iska, matsin fetur da bai wuce wajen bar 0.2 zuwa 0.25 ba, da wanda zai zaɓa mata jet da ma'aunin hayaƙi, ba da kunne ba.

Rim inci 17 dai ban ba ka shawara ba. Tayar asali 175/80 R14 tana da tsayin kusan milimita 636, da gefe mai milimita 140, kuma wannan gefen wani sashe ne na laushin motar. 215/45 R17 gefenta bai kai milimita 97 ba. Duk ramin da aka faɗa, bushin da shokozoba da tsohon jiki ne za su sha dukan, sitiyarin da ba shi da fawa kuma ya yi nauyi wajen fakin. Ga kuma tsarin notin 504, huɗu a kan da'irar milimita 140, wanda rim na zamani ba su cika zuwa da shi ba, sai da farantin haɗi da ke turo taya waje ya ƙara wa boris nauyi. In kana son ɗan sauyi, inci 15 da 195/65 R15 tsayinta kusan milimita 635 ne, mitar gudu ba za ta yi ƙarya ba. Rim ɗin 505 suna da tsarin noti iri ɗaya, sai dai a kula, wasunsu TRX ne masu awon milimita 390, waɗanda tayar inci 15 ba ta hawa.

Bel ɗin kujera da ya kai shekarun motar a sauya shi, a kuma duba ƙarfen da yake ɗaure a kai. Ƙara makashin batir da abin kashe gobara. Duk abin da ka cire na asali, ka wanke ka ajiye da alama, kuma ka guji ƙarin da zai sa a yanka jiki ko babbar waya.

Tafiyar farko ta zama gajera, kusa da gida. Da ka tsaya, kai hannu kusa da kowane rim ba tare da ka taɓa faifan ba. Wanda ya fi sauran zafi yana kamawa. Kwana da kwali a ƙarƙashinta ka ga abin da ke ɗiga da inda yake ɗiga, domin sil ɗin da ya bushe shekara bakwai wasu kan dawo, wasu sai sauyi. Bayan kilomita 500 zuwa 800, sauya bakin mai da filta, ka sauya filtar fetur, ka sake auna ratar bawul da matsin silinda, ka bi notocin ƙafafu da ka ɗaure. Fenti ya biyo bayan wannan, lokacin da an gama walda, an gama cire inji in za a cire, kuma man birki, wanda ke cin fenti, ya daina zuba. Kafin a fesa kala, a sa furaima mai efoksi a kan tsirarar ƙarfe, bayan an gama kuma a fesa kakin hana tsatsa a cikin ƙofofi da dogayen ƙarafan ƙasa, a tabbatar ramukan da ruwa ke fita ta ƙasansu a buɗe suke.